Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Masana Ke Tsara Halittu Gida-Gida

Duk wanda ya ga bushiya ya ga beguwa zai rantse 'yan ɗaki ɗaya ne. Dukansu ƙaya suka yafa, dukansu da dare suke fita kiwo, kuma in an tsorata su ƙayar ce makaminsu. Amma a wurin masana ilimin halittu, dangantakarsu ta nesa ce ƙwarai. Beguwa dangin ɓera ce da gafiya da kurege, masu haƙoran gaba da ba sa daina tsiro. Bushiya kuwa 'yar'uwar jaɓa ce, ita jaɓar da mutane da yawa ke ɗauka ɓera ce mai dogon baki da wari. Ƙayar da ta ruɗe mu, kowacce ta same ta ne ta hanyarta daban.

Wannan shi ne ƙashin bayan ilimin rarraba halittu a yau. Shekara fiye da dubu biyu mutane na jera masu rai bisa kama, sannan a hankali aka koma jera su bisa dangantaka. Wanda ya fahimci wannan sauyi zai gane dalilin da ya sa sunayen kimiyya ke canzawa, da dalilin da ya sa littafin da aka karanta a sakandare shekara talatin da suka wuce ya saɓa da na yanzu.

Aikin ba ƙarami ba ne. Jinsunan halittu da aka bayyana aka raɗa wa suna sun kai kimanin miliyan 2, kuma kusan rabinsu ƙwari ne. Dangin buzuzu kaɗai sun kai wajen jinsi 400,000. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2011, wanda ake yawan ambata, ya ce jinsunan da ke duniya za su kai miliyan 8.7, ban da bakteriya da makamantanta. Ke nan mafi yawan abin da ke numfashi a doron ƙasa da cikin teku ba shi da suna a kowane littafi.

Rarraba halittu ba Turawa suka fara shi ba, domin babu al'ummar da ba ta yi. Bahaushe yana da naman daji da dabbobin gida, yana da tsuntsaye da kifaye da ƙwari da masu ja da ciki. Ya san goriba da giginya da dabino jirgi ɗaya ya kwaso su, kuma masana sun tabbatar masa da haka. Manomi ya raba gero da maiwa da dauro bisa lokacin nunarsu da yadda ake shuka su, alhali kimiyya ta haɗa su duka a jinsi ɗaya. A nan idon manomi ya fi na littafi kaifi, don shi ne ya san wanda zai fid da shi daga yunwar bazara. Inda rabon gargajiya ke rauni shi ne abin da ba a ci, ba a sha, ba a magani da shi. Irin wannan sai a tattara a ce ƙwaro ne ko ciyawa ce, a wuce.

Rubutaccen yunƙuri na farko da ya shahara shi ne na Aristotal, masanin Girka da ya rayu a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa. Ya raba dabbobi biyu, masu jini da marasa jini, kuma tun a lokacin ya lura cewa dabbar tekun nan da ake kira wel iska take shaƙa, tana kuma shayar da 'ya'yanta. Malaman Musulunci sun ɗora a kai. Al-Jahiz na Basra, a ƙarni na tara, ya rubuta Kitabul Hayawan, inda ya kasa dabbobi bisa motsinsu: masu tafiya, masu tashi, masu iyo da masu jan ciki. Abu Hanifa ad-Dinawari ya yi Kitabun Nabat a kan tsirrai a wannan ƙarni, sannan Ibnul Baiɗar na Andalus, wanda ya rasu a 1248, ya tattara bayanin tsirrai da abinci da magunguna kimanin 1,400.

Wanda ya kafa tsarin da ake bi har yau shi ne Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, wanda aka haifa a 1707 ya rasu a 1778. Kafin shi, sunan tsiro a littattafan Turai jimla ce doguwa ta Latin mai siffanta ganye da fure da kara, kuma kowane marubuci da tasa jimlar. Linnaeus ya taƙaita abin zuwa kalma biyu: ta farko sunan gida, ta biyu sunan jinsi. Ya yi haka ga tsirrai a littafinsa Species Plantarum na 1753, ya yi wa dabbobi a bugu na goma na Systema Naturae a 1758. Daga waɗannan shekaru biyu ake fara lissafin halastattun sunaye. A yau sunan zaki Panthera leo ne, damisa Panthera pardus. Kalmar farko ta nuna gidansu ɗaya. Kyanwa kuwa Felis catus, gidanta daban, ko da yake dangi ɗaya ya haɗa su.

Bayan suna akwai matakai, kuma sun yi kama da yadda ake kwatanta mazaunin mutum: daga ƙasa zuwa masarauta, zuwa gunduma, zuwa gari, zuwa unguwa, har ƙofar gida. Mu ɗauki zaki. Jinsinsa yana cikin gidan Panthera. Gidan yana cikin dangin kyanwa, Felidae. Dangin yana cikin rukunin maciya nama, Carnivora, tare da kare da dila da kura da tunku. Rukunin yana cikin ajin masu shayarwa, Mammalia, inda akuya da jemage da ɗan Adam suke. Ajin yana cikin babban reshen Chordata, wanda ya ƙunshi duk masu ƙashin baya, reshen kuma yana cikin masarautar dabbobi. Duk matakin da aka hau, jama'a na ƙaruwa, kama na raguwa.

Ga sunayen akwai dokoki masu tsauri, kuma su ne suka sa tsarin ya ɗore. Duk sunan jinsi a ɗaure yake da samfuri guda, busasshen reshe ko ƙwaro ko fata, da aka adana a wata ma'ajiya, domin in gardama ta tashi a koma gare shi. In mutum biyu suka raɗa wa abu ɗaya suna, na farko ne ke tsayawa. Kuma suna ba ya faɗuwa don ma'anarsa ta kauce: tsamiya Tamarindus indica ce, wato an jingina ta ga Indiya, alhali masana sun fi karkata ga cewa Afirka ce mahaifarta. Sunayen itatuwanmu na ɗauke da tarihin Turawan da suka shigo yankinmu. Kuka Adansonia digitata ce, saboda Michel Adanson, Bafaranshen da ya isa Senegal a 1749. Ɗorawa Parkia biglobosa ce, saboda Mungo Park, wanda ya halaka a kogin Kwara wajen Busa a 1806. Mutanen da suka yi shekaru aru-aru suna kaɗa miyar kuka da dafa daddawa ba su shiga lissafin ba, kuma wannan abu ne da ya cancanci a faɗe shi a fili.

Linnaeus ya yi daidai a wurare, ya yi kuskure a wurare. Shi ne ya cire wel daga cikin kifaye ya sa shi cikin masu shayarwa a 1758. Amma ya raba tsirrai aji 24 ta hanyar ƙirga sassan fure, abin da ya haɗa baƙi a ɗaki ɗaya ya raba 'yan'uwa, kuma ya cusa jemage cikin rukunin birai. Mafi muni, ya kasa ɗan Adam kashi huɗu bisa nahiya da launin fata, ya laƙaba wa kowane kashi ɗabi'a, ya bai wa baƙar fata mafi ƙasƙanci. Masu wariyar launin fata sun daɗe suna fakewa da wannan. Binciken ƙwayoyin gado ya rushe shi: mutane duka jinsi ɗaya ne, Homo sapiens, kuma bambancin gado da ke tsakanin al'ummomin Afirka kansu ya fi wanda ke sauran nahiyoyi yawa.

Tambayar da Linnaeus bai amsa ba ita ce: me ya sa halittu ke shiga cikin juna rukuni-rukuni haka? Shi ɗan limamin coci ne, yana ganin tsarin Mahalicci yake karantawa. A 1859 Charles Darwin ya kawo amsar da masana ilimin halittu suka ginu a kanta tun daga nan: rukunonin salsala ce, jinsunan da suka yi tarayya a siffofi masu zurfi daga kaka ɗaya suka gangaro. Na san wannan magana tana da nauyi a wurin masu karatu da yawa, kuma muhawarar da ke tsakaninta da fahimtar malaman addini fage ne mai zaman kansa da ya cancanci natsuwa. Amma ba za a iya bayanin rarraba halittu na zamani a ɓoye ta ba, domin a kanta aka ɗora shi, kuma kusancin da ake magana abu ne da ake aunawa a ɗakin gwaji, kowa ya maimaita ya samu abin da ɗan'uwansa ya samu.

Wanda ya mai da wannan tunani ƙa'idar aiki shi ne Willi Hennig, Bajamushe masanin ƙudaje, a littafinsa na 1950. Ya ce ba kowace kama ce shaida ba. Shaida ita ce sabuwar siffa da wasu jinsuna suka gada tare, wadda waɗanda ke wajensu ba su da ita, kamar nono da gashi ga masu shayarwa, ko gashin fuka-fuki ga tsuntsaye. Ya kuma ce rukuni na gaskiya dole ya ƙunshi kaka da dukkan zuriyarsa, ba a zaɓi wasu a bar wasu ba. Da aka zo aka iya karanta sinadarin gado, wato DNA, sai shaidu suka ƙaru daga gommai zuwa miliyoyi, kwamfuta na kwatanta su.

Abin da ya fito ya girgiza tsofaffin littattafai, kuma dabbobin da muka sani suna tsakiyar labarin. Kada ya fi kusa da zabo da shirwa a kan damo da ƙadangare, don haka rukunin masu ja da ciki, in an cire tsuntsaye, bai cika sharaɗin Hennig ba. Kura, duk da kamarta da kare, ɓangaren kyanwa take. Dorina ba ta da ɗan'uwa mai rai da ya fi wel kusa da ita. Gara ba dangin tururuwa ba ce, reshe ce a cikin kyankyasai. Giwa da ayu da rema da dabgi, waɗanda ido ba zai taɓa haɗa su ba, sun fito daga wata tsohuwar zuriya ta Afirka da aka raɗa wa suna Afrotheria a 1998. Wanda ya fi burge ni shi ne gaiwa, kifin nan da ke shiga laka ya kwana rani guda yana shaƙar iska da huhu. A salsala, gaiwa ta fi kusa da saniya a kan karfasa da suke iyo tare a tafki ɗaya.

A can sama, wajen manyan rabe-rabe, sauyin ya fi haka girma. Tsawon zamani masarautu biyu aka sani, dabbobi da tsirrai. Amma tun wajen 1674 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya hango ƙananan halittu a ɗigon ruwa ta madubin ƙara girma, aka rasa inda za a sa su. Ernst Haeckel ya ware musu masarauta ta uku a 1866. A 1969 Robert Whittaker ya kawo tsarin masarautu biyar, wanda har yanzu ake koyarwa a makarantu da dama, inda ya fitar da laimar kwaɗi da fumfuna da yis daga cikin tsirrai. Daga baya aka gano ma sun fi kusa da dabbobi. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa samar da maganin cututtukan fumfuna ke da wuya: abin da zai kashe su sau da yawa yana taɓa jikin mutum, don ginin ƙwayoyinsu ya yi kusa da namu.

Sai 1977, lokacin da Carl Woese da George Fox na Jami'ar Illinois a Amurka suka kwatanta wani sinadarin gado da kowace ƙwayar halitta ke da shi, suka ga cewa abin da ake kira bakteriya a dunƙule al'umma biyu ce masu nisan gaske. Ta biyun, wadda aka kira akiya, ana samunta a maɓuɓɓugan ruwan zafi da tafkunan gishiri da tumbin saniya, inda take samar da iskar da saniyar ke gyatsawa. A 1990 Woese da abokan aikinsa suka ba da shawarar dauloli uku a saman masarautu: bakteriya, akiya, da masu cibiya a ƙwayar halittarsu, wato mu da tsirrai da fumfuna da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ko wannan bai zauna daram ba. Tun 2015, bayan gano wasu akiya a ƙarƙashin tekun arewacin duniya, shaidu na ƙaruwa cewa daula ta uku daga cikin akiya ta tsiro. Su kuwa bairos, masu kawo mura da ƙyanda da shan inna, ba su da ƙwayar halitta tasu, don haka a gefe ake tsara su, kuma shi ya sa maganin kashe bakteriya ba ya yi musu komai.

Abin mamaki, matakin da ya fi kawo rigima shi ne na ƙasa. Mene ne jinsi? Ma'anar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Ernst Mayr ta 1942: halittun da ke barbara a tsakaninsu su haifi 'ya'ya masu haihuwa. Doki da jaki na haifar alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa, don haka jinsi biyu ne. Sai dai bakteriya ba ta barbara, rabewa take yi. Tsirrai da yawa na gauraya da maƙwabtansu. Ƙasusuwan halittun da suka shuɗe kuwa ba mai iya gwada su. Shi ya sa masana ke da ma'anoni fiye da ashirin, kuma suka kasu tsakanin masu son haɗewa da masu son rabewa.

Wannan ba musun malamai kaɗai ba ne, domin kuɗin kare namun daji da dokokinsa jinsi suke bi. A 2011 binciken DNA, har da na gawawwakin kadoji da Misirawan dā suka adana, ya nuna kadan Afirka ta Yamma jinsi ne daban da na kogin Nilu. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fara lissafa giwar kurmi daban da giwar fili, sai ga shi giwar kurmi na bakin ƙarewa, abin da haɗe su ya daɗe yana rufewa. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996 kafin su farfaɗo su haura 600, su ne kaɗai suka rage daga irinsu na Afirka ta Yamma. Sanin haka ne ya sa aka tashi tsaye a kansu. Wani lokaci kuma siyasa na shiga. Da aka gano itatuwan da ake kira Acacia ba gida ɗaya ba ne, tarukan masana tsirrai na Biyana a 2005 da Melbon a 2011 sun bar wa Ostireliya sunan, ko da yake samfurin asali bagaruwa ce. Masanan Afirka da dama sun yi adawa, ba su yi nasara ba. Yanzu bagaruwa Vachellia nilotica ce, dakwara mai ba da ƙaro kuma Senegalia senegal. Rabewar tana da hujja ta kimiyya. Wanda aka bar wa sunan kuwa, a ganina, ƙarfin murya ne ya yanke.

Inda abin ya zama na rai da mutuwa shi ne lafiya. Sauron da ya fi yaɗa zazzaɓi a Afirka an daɗe ana ɗauka jinsi ɗaya ne, Anopheles gambiae. Gwaje-gwajen barbara a shekarun 1960 suka nuna tarin jinsuna ne masu kama ɗaya sak, amma halinsu daban: wani jinin mutum yake so yana kwana a bangon ɗaki, wani yana cizon shanu yana hutawa a waje, wani a ruwan gishirin gaɓar teku yake ƙyanƙyasa. A aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a ƙauyukan da yanzu ke jihar Jigawa, an yi feshi a ɗakuna an raba magani, zazzaɓi ya ragu amma bai yanke ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya zama a bangon da aka fesa. Masanin Italiya Mario Coluzzi ya yi nazarin ƙwayoyin gadon sauron Nijeriya a wancan zamani, kuma a 2013 aka raɗa wa wani jinsi da aka ware suna Anopheles coluzzii don tunawa da shi.

Haka batun maciji. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, ita ce ke cika asibitin saran maciji na Kaltungo da marasa lafiya. Tana da 'yar'uwa a Indiya mai kama da ita ƙwarai, gidansu ɗaya, Echis, amma jinsinsu daban, dafinsu ma daban. A wani asibitin karkara a Gana, da aka koma amfani da maganin dafin da aka haɗa da macizan Indiya, mace-macen waɗanda aka sara sun ninka fiye da sau shida, kamar yadda wani rahoto na 2008 ya nuna. Kalma ta biyu a sunan maciji ita ce ta raba mai warkewa da mai rasuwa.

Saura tambayar wa zai yi aikin a yankinmu. Tun 2003, bayan shawarar Paul Hebert na Kanada, ana iya gane jinsin dabba ta karanta ɗan guntun DNA, kuma kuɗin yin haka na ta sauka. Amma na'ura ba ta gane abin da ba a taɓa bayyana shi ba. Dole wani ya shiga fadama da tsauni ya tattaro, ya kwatanta, ya rubuta. Yawancin samfuran asali na tsirran Afirka ta Yamma suna Kew a Ingila da Faris, ko da yake an ɗora hotunan da yawansu a intanet. Akwai ma'ajiyar tsirrai a cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan da jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya, sai dai fannin ba ya jan ɗalibai kamar likitanci da injiniyanci. Littafin da J. M. Dalziel, wani likita ɗan Sikotlan da ya yi aiki a Arewa, ya wallafa a 1916 kan sunayen tsirrai na Hausa har yau ana komawa gare shi, kuma ilimin da ke ciki daga bakin manoma da mafarauta da masu magani ya fito. Irin waɗannan dattawa na ƙarewa, dazukan da suka koya a ciki na zama gonaki da gawayi.

Buƙatar kuwa ba ta jira. A 2012 aka ga wani sauron Asiya, Anopheles stephensi, a Jibuti. A 2020 aka tabbatar da shi a jihar Gombe, a 2022 a Gana. Shi ba kududdufin damina yake jira ba, a tankunan ruwa da randuna da rijiyoyin cikin gari yake ƙyanƙyasa, don haka yana iya kawo zazzaɓi birni har da rani. Kafin a yaƙe shi sai an san unguwannin da ya shiga, kuma wannan na buƙatar ma'aikatan da za su ɗebo tsutsotsi daga tanki, su raine su har su fashe, su duba zanen fuka-fuki a ƙarƙashin madubi, su tura waɗanda suke shakka a kansu gwajin DNA.